Wanda Ya Isa Ya Koma

Laraba, 29 ga Oktoba, 2014. Da yamma.

Wannan littafin na atisaye ne. Shekara da shekaru ba abin da nake rubutawa a cikinsa sai inda na yi gudu da yadda gwiwata ta kwana. Yau ma na yi gudu, daga unguwar Bekaji zuwa bakin gada na dawo. Gwiwar hagu ta yi ƙorafi amma ta haƙura.

Ina wanka Selina ta kira daga makarantarsu a Mubi. Fibi, uwarta, ta miƙo mini wayar ta saman ƙofar bayi, hannuna duk kumfa.

"Baba, sun shigo."

A bayanta ina jin wani abu kamar ana dukan kwanon rufi. Na ce mata ta sa kambas, ta bar akwati, ta bar takardu, ta nufi duwatsu. Ta ce, "Na riga na sa." Sai layin ya yanke.

Ban damu ba. Ina so in rubuta wannan da manyan baƙi. Ni Apollos na tsufa ina hura usur a filin makaranta, kuma ban taɓa horar da mai dogon numfashi irin na 'yata ba. Tun tana firamare take bi na gudu. Ƙato ɗauke da bindiga ba zai kama ta a kan dutse ba, ko shi waye.

Fibi ba ta ci abinci ba. Na ci nawa, na ci nata.

Alhamis, 30 ga Oktoba. Da hantsi.

Hamajoɗa ya zo daga unguwar Alkalawa a keke mai ƙafa uku, ko hula bai saka daidai ba. Tare muka yi koyarwa kafin ya yi ritaya, shi tarihi, ni wasanni, kuma tun a lokacin yake cewa aikina shi ne in sa 'ya'yan mutane gumi ba dalili. 'Yarsa Munirat ɗaki ɗaya suke da Selina a can.

"Koci, Munirat bai kira ba. Naka ya kira?"

Na ce sau ɗaya. Ya zauna a kan dakali yana jan carbi. Na yi ta ba shi baki, na ce yara ne, suna tare da jama'a, sabis ne kawai ya ɗauke.

Abin da ban faɗa masa ba, zan faɗa a nan. Munirat tana da asma. Yarinyar da in ta hau benen makaranta sai ta zauna a tsakiya ta huta. Ina kallonsa ina jin tausayinsa, irin tausayin da mai lafiya yake ji in ya je dubiya asibiti. Allah ya yafe mini, a raina na riga na ware wadda za ta dawo.

Juma'a, 31 ga Oktoba. Da safe.

Yau na tarwatsa unguwa.

Na fito da gajeren wando kamar kullum, na ɗauki hanya. Ina kaiwa kwanar da 'yan keke suke tsayawa sai wata mai ƙosai ta gan ni, ta saki matsami ta kwasa a guje. Mai shayi ya bi ta. Kafin in ankara duk titin gudu ake yi, keke biyu sun yi karo, wata mata ta yar da bokitin ruwanta tana kiran sunan Yesu, wani dattijo yana salati yana tsallake kwata da babbar riga. Wallahi dattijon nan ya fi rabin ɗalibaina ɗaga ƙafa.

Ni kuma da na ga ana gudu sai na ƙara wuta, don ban san me aka gani ba. Sai da mai kayan gyaran mota ya riƙe mini riga.

"Oga, wetin? Wa yake bin ka?"

Na ce ba kowa, motsa jiki nake.

"Motsa jiki! For this town? Yanzu? Oga, ka je gida ka motsa a ɗaki."

Mai ƙosai ta dawo ta wanke ni tas, ta haɗa da kakannina. Ba ta yi laifi ba. A Jimeta yanzu ba a gudu haka kawai, duk wanda ya ruga to wani abu ne ya biyo shi. Na dawo gida ina ba Fibi labari ina dariya, ita kuma tana riƙe da waya tana danna lamba ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba. Bayan la'asar.

Wayarta a kashe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba. Bayan sujada.

Cocin ya cika har waje, rabin mutanen ban san su ba, wasu da kayan da suka gudo da su a jiki. Fasto ya ce duk mai ɗan'uwan da ba a ji duriyarsa ba ya miƙe a yi addu'a. Fibi ta miƙe. Ni na zauna.

A hanya ta ce, "Baban Selina, me ya sa ba ka tashi ba?"

Na ce Selina ba ɓata ta yi ba, tana hanya ne.

"To ka tashi a roƙa mata hanya mana. Ƙafanka ya karye ne?"

Ta yi gaba ta bar ni, ta shiga cikin 'yan zumuntar mata. Tun da na aure ta ban taɓa ganin tana saurin tafiya haka ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba. Da safe.

Na sauya tsari. Yanzu tafiya nake yi kamar mutumin kirki har in bar cikin gari, sai na hau gada nake fara gudu. Sojojin bakin gadar sun sa na ɗaga riga na juya, suka ga ba komai sai tumbin da Fibi ta gina, suka ce in wuce.

Gefen masu ƙafa yana da faɗin mutum biyu, siminti ne mai santsi, Binuwai a ƙasa ya fara ja da baya yana barin yashi. A gaba duwatsun Bagale ne, shuɗi-shuɗi da sassafe, in rana ta ɗaga sai su koma ruwan ƙasa. Shekara nawa ina kallonsu ban taɓa tunanin akwai mai kwana a kan irinsu ba.

Ta nan duk mai zuwa daga Mubi yake shigowa. Ana sauke mutane daga motoci a wancan bakin, su tako a ƙafa a duba su. Katifa a ka, awaki a kafaɗa, wata tsohuwa rungume da agogon bango. Ni ba fuska nake kallo ba, ƙafa nake kallo. Kambas ɗin Selina ja ne, dundunyar hagu mai gyaran takalmi ya ɗinke ta da baƙin zare.

Idan an tambaye ni, hawan jini ne ya sa likita ya ce kar in fasa fita.

Talata, 4 ga Nuwamba. Da safe.

Hamajoɗa ya biyo ni. Da jallabiya da takalmin fata ya zo, wai shi ma sukarinsa ya hau. Ban ƙaryata shi ba, shi ma bai tambayi hawan jinina ba.

Na bar shi yana jan ƙafa, na kai ƙarshen gada, na juyo na dawo inda yake, muka ƙarasa tare. Ya ce, "Kai har yanzu ba ka bar wannan haukan ba? Mutum ya isa wuri, ya sake komawa baya. Wace irin ilimi ne?"

Ya san amsar, neman magana ne. A ƙauyenmu can bayan Ganye gonaki a kan dutse suke. Lokacin girbi mata suna sauko da dawa a ka, wadda ta riga isa gida takan sauke nata, ko ruwa ba ta sha, ta koma ta tari ta ƙarshe ta karɓe mata. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini doka ce ba, gani kawai na yi. Da na zama malami na mayar da ita doka a fili: wanda ya isa ya koma ya ɗauko na baya, ba a tashi daga atisaye sai kowa ya shigo. Yara masu gudu sun tsane ta. Selina ta fi kowa tsanarta, don ita ce kullum mai komawa. Tana aji biyar ta taɓa yi mini kuka, ta ce ana hukunta ta don ta iya gudu. Na ce mata in ta shigo ita kaɗai, tambayar da zan fara yi mata ita ce wa ta bari a baya.

Mun tsaya a bakin gada har rana ta yi zafi. Silifas, silifas, ƙafa ba takalmi, takalmin makaranta, silifas.

Alhamis, 6 ga Nuwamba. Da rana.

Sansanin 'yan gudun hijira na Damare. An nuna mana ɗalibai, ba su a ciki. Wata yarinya ta ce ta san Selina, "mai gudun nan," ta ce ta hango ta a gaban kowa ranar. Na ji daɗi har na saya wa yarinyar lemo. Hamajoɗa ya tambaye ta Munirat, ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

Muka hau keke. Na dafa masa gwiwa. Ina ta dafa masa gwiwa kwanakin nan.

Juma'a, 7 ga Nuwamba. Da safe.

Gada. Gwiwa lafiya. Babu.

Asabar, 8 ga Nuwamba. Da yamma.

An ce ɗalibai da yawa sun tsallaka Kamaru ta kan duwatsu, kuma can layinmu ba ya aiki. Ka ga dalili ke nan. Na faɗa wa Fibi da murna, ta dube ni kamar na kawo mata tsohuwar jarida.

Ta sake wanke zanin gadon Selina. Wankin ranar Talata ko datti bai yi ba. Kullum sai ta dafa miyar gyaɗa da yakuwa ta rufe a ƙaramar kula, da safe ta ba wa baƙin da ke kwana a harabar coci, ta sake dafa wata. Na ce mata gyaɗa ta yi tsada. Ban san me ya kai bakina can ba.

Ta ce, "Kai kana da gada, ni ina da tukunya. Ka bar ni da nawa."

Lahadi, 9 ga Nuwamba. Bayan sujada.

Na miƙe. Gwiwata ce ta gaji da zama.

Talata, 11 ga Nuwamba. Bayan azahar.



Wata tifa ce ta sauke mutane a wancan bakin, an ce ta hanyar Belel suka biyo. Ina tsakiyar gada, Hamajoɗa yana can baya. Ina kallon ƙasa kamar kullum sai na ga ja. Jan kambas a ƙarƙashin wani zani da ya yi baƙi da datti. Igiyar an ɗaure ta sau biyu, an cusa bakinta ƙarƙashin saƙar, yadda ni kaɗai nake koya wa yara don kar ta kwance a tsere. Da ƙafar hagu ta ɗaga na ga baƙin zare.

Na yi ihu. Na kira sunanta da muryar da nake kiran yara daga ƙarshen fili, na ruga, mutane suka dare, wani soja ya ɗaga bindiga yana cewa in tsaya, ban tsaya ba. Na ƙudurta sai na fara yi mata faɗa kafin in rungume ta, don ta bar uwarta cikin wannan hali.

Ya kamata in gane tun daga tafiyar. Selina ba ta jan ƙafa.

Munirat ce. Ta rame, leɓenta ya tsage, ƙirjinta yana fito kamar tsohuwar butar shayi. Da ta gan ni sai ta durƙusa a kan simintin ta rufe fuska.

"Bappa," ta ce. "Bappa."

Na leƙa bayanta. Na duba kowa da ya sauko daga tifar, har na hau na leƙa cikin bodin. Da na sauko Hamajoɗa ya iso, dattijo mai ciwon sukari ya yi gudu da jallabiya, ya riƙe 'yarsa yana kuka yana Fillanci. Sai ya ga ƙafarta. Shi ma ya san takalmin, sau nawa ya gan shi a ƙofar gidansa.

Ni na tsayar musu da keke. Ni na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Laraba, 12 ga Nuwamba. Da yamma.

Mun je Alkalawa ni da Fibi. Asta, matar Hamajoɗa, ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo fura, ba wanda ya taɓa. Munirat ta ba da labari tana kallon bango, ni kuma zan rubuta shi sau ɗaya ba zan ƙara ba.

Sun fito tare. Turmutsutsu ya raba su. Selina ta kai kan dutsen farko tun da sauran mutane suna gindinsa, wuri ne mai manyan duwatsu da za a iya fakewa, daga can gangara ce zuwa Kamaru. Ta isa. Ina so a san wannan, ta isa, kuma ita ce ta farko.

Munirat tana ƙasa, silifas ɗinta ya tsinke, numfashi ya ƙi, ta zauna ta ce ta haƙura. Sai ga Selina ta gangaro. Ta cire kambas ta saka mata, ta ɗaure igiyar, ta ɗinke silifas ɗin da waya ta zura a tata ƙafar. Ta ɗaura gyalen Munirat a ƙugunsu su biyu ta ja ta har sama, tana ce mata ta ɗaga kai, ta shaƙa ta hanci. Ta zaunar da ita a inuwa ta ce, "Kin isa."

Sai ta leƙa ƙasa. Akwai wata mai ciki da goyo a rabin hawan.

"Na riƙe mata siket, Bappa. Wallahi na riƙe. Na ce kar ta je, ana harbi a ƙasa. Ta ce mini, 'Baba zai tambaye ni wa na bari a baya.' Har da dariya ta faɗa."

Daga nan ƙarar ta matso, jama'a suka kwashi Munirat suka yi gaba. Ta ce a hanya an ba ta aron waya ta kira gida, ta kasa, don ta san abin da za a tambaye ta.

Fibi ta tashi ta je ta rungume yarinyar. Ni ba ta dube ni ba. A keke ba ta dube ni ba. Har yanzu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba. Da safe.

Ban fita ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba. Da rana.

Na je makaranta. 'Yan aji huɗu sun zagaya fili, na gaba suka shigo suka juya za su koma kamar yadda suka saba. Na hura usur har kunnena ya yi ƙara. Na ce daga yau wanda ya isa ya isa, ya nemi inuwa ya zauna, na baya ya ji da kansa. Suka tsaya suna kallona. Na ce ko kurame ne su?

Suka zauna. Wata mai ƙiba ta shigo ita kaɗai daga ƙarshe, kowa yana kallonta. Na rubuta sunanta a cikin marasa ƙoƙari.

Lahadi, 16 ga Nuwamba. Da yamma.

An ce an ƙwato Mubi. Mutane suna ta murna a titi. Fredrick, ƙanen Fibi, ya ce zai bi wasu mafarauta da ya sani su zaga ƙauyukan gindin dutsen. Ya ce in zo. Na ce gwiwata.

Hamajoɗa ya zo har sau biyu. Na ce a gaya masa ina barci. Ina jin sa ta taga yana gaisa da Fibi a hankali, kamar mai bin bashin gaisuwa. Bai yi mini komai ba. Na sani. Amma ba na son ganin fuskar mutumin da 'yarsa take ɗaki tana tari.

Talata, 18 ga Nuwamba.

Wayarta a kashe. Ban san me ya sa nake kira ba, Munirat ta ce a kan gado ta bar ta.

Asabar, 22 ga Nuwamba. Bayan la'asar.

Fredrick ya dawo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

Wani manomi ne ya kai shi wurin, a ƙarƙashin wata tsamiya. Manomin ya ce sun yi abin da ya kamata, sun jera duwatsu a kai saboda namun daji. Sun ajiye abin da ke ƙafarta ko wani zai zo nema. Fredrick ya ciro shi daga leda. Silifas ne shuɗi, ɗaya an ɗinke shi da waya.

Ya ce mai cikin ta tsallaka, ita da goyon. Ban tambayi sunanta ba.

Fibi ta zubar da miyar da kanta.

Litinin, 24 ga Nuwamba. Da yamma.

Rumfa a ƙofar gida. Kujerun coci. 'Yan zumuntar mata suna waƙa tun safe, waƙoƙin da na sani ne amma bakina ya ƙi. Mutane suna ta gaya mini irin 'yar da na haifa, kamar ban san ta ba. Fasto ya ce babu ƙaunar da ta fi wannan. Na ce masa na gode, a raina ina cewa da ma ragguwa na haifa, mai son kanta, wadda za ta zauna a inuwa ta sha ruwa.

Hamajoɗa yana can kujerar ƙarshe tun da aka kafa rumfar. In lokacin salla ya yi ya tafi, ya dawo ya zauna. Bai matso ba, ban kira shi ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba. Da hantsi.

Asta ta kawo kambas ɗin a cikin sabon ƙyalle. An wanke su har jan ya koɗe. Na miƙa hannu, Fibi ta riga ni. Ta juya su, ta shafa baƙin zaren, ta mayar wa Asta.

"Ba ni aka ba wa ba. Mai shi ta riga ta bayar."

Da Asta ta tafi na ce wa Fibi da wane iko ta yi haka. Karo na farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido tun ranar Alkalawa.

"Kana tsammani fushi nake don ka koya mata? Ni ma a dutse aka haife ni, Baban Selina. Ina fushi ne don ka bar ni ni kaɗai a gidan nan tun ranar da ta kira. Kana gudu, kana ci, kana cewa ba ka damu ba."

Na fita tsakar gida na tsaya. Ba inda zan je.

Juma'a, 28 ga Nuwamba.

Ban fita ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba.

Ban fita ba. An kwashe kujeru.

Talata, 2 ga Disamba.

Gwiwa lafiya lau. Ita kaɗai.

Asabar, 6 ga Disamba. Da hantsi.

Gari bai gama wayewa ba aka buga ƙofa. Fibi ta buɗe, ta dawo ta jefo mini gajeren wandona a fuska.

Hamajoɗa ne da jallabiyarsa. A bayansa Munirat da dogon hijabi, a ƙarƙashinsa ja.

"Koci, jam waali. Likita ya ce yarinyan nan ya riƙa tafiya da safe saboda ƙirji. Ni ban san kan abin ba. Ni tarihi na karanta."

Ƙarya yake yi, kuma bai ma iya ta ba. Na so in rufe ƙofa, amma Fibi tana tsaye a bayana da hannu a ƙugu, ta kuma sa nata takalmin zuwa kasuwa. Ta ce ita ma za ta ga wannan gadar da ta ƙwace mata miji.

A keke ɗaya muka matsu. Muna sauka sojan ya ce, "Baba mai gudu, kwana biyu," na ɗaga masa riga tun bai tambaya ba, na ruga.

Ban taɓa gudu irin na yau ba tun ina saurayi. Haushi nake ji. Haushin Hamajoɗa da ƙaryarsa, haushin takalmin, haushin mahaifiyata da kwandon dawarta, haushin yarinyar da ta isa ta ƙi zama. Na kai ƙarshe ƙirjina kamar zai tsage. Na riƙe ƙarfen gadar. Bagale yana nan inda yake, ko a jikinsa. Na ce masa abin da ba zan rubuta ba, kuma a nan ne na yi kukan da ban yi ba a ƙarƙashin rumfa. Wata mai tallan gyaɗa ta kawar da kai ta ba ni wuri.

Na isa. Na nemi inuwa na zauna, kamar yadda na gaya wa 'yan aji huɗu.

Daga inda nake ana ganin tsawon gadar duka. Can wajen tsakiya akwai hijabi a sunkuye, hannu biyu a kan gwiwa. Gudu ta gwada, shashasha, wa ya aike ta. Na ce a raina ubanta yana nan, ya ji da ita. Na kalli ruwa. Na kalli yashi. Na sake kallo, ba ta ɗago ba.

Ban tuna lokacin da na tashi ba.

Da na iso ƙirjinta yana ta fito, idonta ya yi ja. Igiyar hagu ta kwance tana jan ƙasa, ɗaurin 'yan kasuwa ta yi mata. Na durƙusa a kan gwiwar da take ba ni wahala na ɗaure ta sau biyu, na cusa bakin a ƙarƙashin saƙar. Ɗigon ruwa yana sauka a bayan hannuna, ban duba ko na wa ne ba.

"Bappa, ka yafe mini. Ni ya kamata..."

Na ce ta rufe mini baki, mai magana ba ya numfashi. Na ce ta ɗaga kai. Ta shaƙa ta hanci.

Muka ƙarasa a hankali, tana riƙe da gefen rigata. Na zaunar da ita a inuwar da na tashi, na saya mata ruwa. Da na juya, Hamajoɗa da Fibi ko rabi ba su yi ba, shi yana ɗingishi, ita tana tsaye tana kallon duwatsun da hannu a baki.

Sai da na sake komawa.